Wa Zai Riƙe Ayari Bayan Alhaji?

Daga filin fatake da makiyaya na wannan mako

 

Yau zancenmu zai kai mu ƙasar Gana, birnin Accra, wanda iyayenmu fatake ke kira Ankara, cikin zangunan Nima da Mamobi da Sabon Zango. Amma maganar ta shafi mai shanu a Dakoro, ta shafi mai albasa a Galmi, ta shafi direban tirelar da zai kwana a Paga daren yau. Tambayar ita ce: yaya mutum ke koyon jan ragamar jama'a da iya aiki tare da mutane, kuma wa ke koya wa na bayanmu yanzu?

Ga abin da ya tayar da zancen. Shekarun nan in ka zauna a Nima ko Mamobi, ba ka rasa jin an kira samari da 'yanmata bitar shugabanci. A 2017 gwamnatin Gana ta kafa ma'aikata ta musamman don raya zanguna, ta kuma kafa asusun raya zango. Ma'aikatar ba ta yi tsawon rai ba, an rushe ta a 2021, asusun ya ci gaba. Ƙungiyoyi masu zaman kansu su ma suna shirya nasu tarurrukan. A irin wannan bita, maimakon malami ya tsaya yana ta zuba bayani, sai a raba yara gida-gida, a ɗaure wa ɗaya ido da ƙyalle, a ce sauran su bi da shi ta tsakanin kujeru da baki kawai, kada a taɓa shi. Ko a ba su igiya da ta cukurkuɗe a ce su warware, kowa na riƙe da gefensa. In sun gama, ko sun kasa, sai a zauna a tambaye su: me ya faru? Wa ya yi magana aka ji? Wa ya ga mafita amma ya yi shiru? Masu boko suna kiran wannan koyo ta hanyar aikatawa. Wani malami ɗan Amurka mai suna David Kolb ya fitar da littafi a kansa a 1984, inda ya ce koyo zagaye yake yi: mutum ya yi abu da hannunsa, ya zauna ya waiwayi abin da ya auku, ya fitar da darasi, sannan ya koma ya sake gwadawa.

Na san wani Alhaji na can yana sauraro yana murmushi, yana cewa yanzu wasan 'yar ɓoyo ne ya koma karatu? Alhaji, a yi haƙuri tukuna. Abin da Baturen nan ya rubuta, kakanninka sun yi shi a ƙasa, da jakai, tun kafin a haifi kakansa.

Mu koma ga fataucin Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ɗauke da kanwa da tufafi da fatu da gabu, wato busasshen ganyen albasa, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yendi har Salaga, inda ake sayen goron Asante. Tafiya ce ta watanni, wani ayarin ya haura mutum 1,000. Irin wannan taro ba ya tafiya da ka. Akwai madugu, uban tafiya. Akwai jagaba da ke wucewa gaba ya duba hanya da wurin sauka. Akwai ubandawaki da ke tara kuɗin fito da gaisuwar sarakunan hanya ya je ya biya a madadin kowa. Akwai malamin ayari mai alƙalami da addu'a. Kuma abin lura, madugu a baya yake tafiya. Shi ke ganin wanda ya gaji, da jakin da ya yi ɗingishi, da wanda kayansa ya kwance. Ba ya sauka sai na ƙarshe ya sauka.

To, a wace makaranta madugu ya yi karatu? Yaro ne da ya fara da koran jaki. Shekara ta zagayo aka ba shi tsintar goro, ya koyi buɗe huhu, ya fitar da mai tsutsa, ya canza ganye, ya yayyafa ruwa daidai kima, don goro in ya sha ruwa da yawa ya ruɓe, in ya rasa ya bushe. Daga nan aka fara aikensa wurin masu fito. Wata rana aka ce ya bi jagaba. Kowane mataki da nauyinsa na gaske, in ya yi sakaci kaya ne za su lalace, kuma kowa zai gani. Da daddare a zango, an ɗaure dabbobi an hura wuta, manya na tattauna abin da ya faru a yinin: me ya sa sarkin garin can ya ƙara kuɗi, ina aka yi kuskuren lissafin ruwa. Yaron na gefe yana ji. Ka ga zagayen nan da aka rubuta a littafi, ga shi nan cif.

Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, ɗan madugu ne, kuma ta wannan hanya ya fito. Mahaifiyarsa ma a Ankara ta zauna, ya taka har can wurinta yana saurayi. Daga baya yana cikin na farko-farko da suka gane cewa goro zai iya shiga jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Wanda bai sha wuyar hanyar ƙasa da ƙafarsa ba, da ƙyar ya san darajar wannan dabara.

Zangunan Ankara su ma 'ya'yan wannan tafiya ne. Sabon Zango, Malam Baƙo ne ya kafa shi a farkon shekarun 1910, kuma mahaifinsa malami ne da ya fito daga Katsina. Nima kuwa, makiyaya ku saurara da kyau, Malam Amadu Futa ne ya fara zaunar da ita a farkon shekarun 1930, Bafulatani mai harkar shanu, bayan ya nemi fili wurin iyalin Odoi Kwao, mutanen Ga masu ƙasar. Inda yau ba ka samun wurin ajiye babur, wurin shanu ne a da. Baƙo ya je ya zauna da masu ƙasa, ya yi magana da su har suka yarda da shi, ya kuma zaunar da ƙabilu iri-iri wuri guda, Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Bayarabe da Bakotokoli. Wannan aiki ne na mutumin da ya daɗe yana ciniki da mutane yana gane halinsu.

A zango tsarin maigida ne ya gaji tsarin ayari. Baƙo ya sauka da shanu ko goro ko albasa, maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an sayi kaya bashi. Har gobe haka ake yi a kasuwar shanu ta Turaku kusa da Ashaiman. Yaron maigida yakan fara da kai wa baƙi abinci da ruwan alwala. Sai karɓo bashi. Sai a bar shi ya yi cinikin ɗan bijimi ɗaya, maigida na zaune nesa kaɗan kamar ba ya kallo, alhali ko ƙiftawa ba ya yi. In yaron ya sayar da araha, asarar ta tsaya a bijimi ɗaya. Da gangan ake ba shi abin da in ya ɓata gida ba zai rushe ba.

Ku makiyaya kun fi kowa sanin wannan. Ɗan shekara 7 maruƙa ake ba shi, kusa da ruga, inda ido ke kai. Ya ƙara girma a ba shi tumaki, sannan garke. Kafin a ce wane ya isa ya zama garso, mai wucewa gaba ya dubo ciyawa da mashaya da lafiyar burtali, sai ya yi shekaru yana bin wani garson. Ga kuma habbanaye, a ba ka karsana aro ka riƙe har ta haihu, ka ci 'ya'yan ka mayar da uwa. Ai jarrabawar amana ce da haƙuri, kuma duk dangi na kallon yadda za ka fita. Malamai sun gaya mana annabawa sun yi kiwo kafin a ba su jagorancin mutane. Wanda ya iya da tunkiya mai bijirewa, ya san inda zai sa sanda da inda zai sa murya, ya riga ya yi nisa a karatun.

To in haka ne, ina matsalar take? Nan ne zan ɗan taɓa iyayenmu, a gafarce ni.

Tsarin nan namu ya fara gurguncewa ta wuri biyu. Na farko, an daina sakin nauyi. Za ka ga mutum shekararsa 40, da mata da 'ya'ya, yana tare da Alhaji tun yana ɗan 15, amma har yau bai san nawa ake bin gidan ba, bai san nawa gidan ke bi ba. Lambobin waya na masu kaya a Tawa da Madawa suna wayar Alhaji. Jami'in da ake gani a iyaka in mota ta maƙale, Alhaji kaɗai ya san shi. Littafin bashi, in ma akwai shi, yana ƙarƙashin matashin Alhaji, galibi kuwa a kansa yake. Ranar da ciwo ya kwantar da shi, ko ta Allah ta kasance, a cikin kwana 40 gidan da aka yi shekara 30 ana ginawa ya watse. Masu kaya su koma wani gida, waɗanda ake bi bashi su yi lamo, 'ya'ya su tafi wurin alƙali. Duk mai sauraron da ya daɗe a kasuwa zai iya ƙirga irin waɗannan gidaje da yatsunsa, ba sai na ambaci suna ba.

Na biyu, zaman nan na dare ya mutu. Yaro ya yi kuskure, abin da zai samu tsawa ce, ko a kira shi sakarai a gaban abokan ciniki. Ba a tambayarsa me ya gani da ya sa ya yanke haka. Shi kuma kunya da ladabi sun hana shi tambayar dalili. Sai ya koyi abu ɗaya tak: ɓoye kuskure. Yaron mota ya ga taya na zafi tun Tamale, ya yi shiru don kada a ce ya cika baki, sai a Kintampo ta fashe da lodin albasa a kai, rana na dukanta. Wannan shirun kuɗi ne, wani lokaci ma rai ne. A nan masu bita suka fi mu, gaskiya ɗaya ce. Sun ɗauki tambayar nan ta "me ya faru, me za mu canza" sun mai da ita wajibi, kuma suna barin ƙarami ya fara magana kafin babba, don in babba ya riga ya faɗi nasa, sauran sai "haka ne, ranka ya daɗe."

Inda su kuma suka gaza, igiyar da ake warwarewa a ɗakin taro ba ta da asara. An gama, an ci shinkafa, an karɓi kuɗin mota da takardar shaida, kowa ya koma gida inda ba a ba shi ko makullin shago ba. Bayan wata uku abin ya bi iska. Kwana uku a otal ba sa yin abin da damina uku a hanya ke yi. Ni a ganina, mai shirya bita da ya san aikinsa, kafin ya kama ɗakin taro, gidan maigidan yaron ya kamata ya fara zuwa, ya roƙi a ba yaron wani aiki na gaske da zai riƙe bayan an tashi.

Kada wani ya ce wannan zancen jin daɗi ne. Zango ya sha ganin ranar da ake neman shugabanni da yawa a lokaci guda. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. Mutanen Nijeriya da Nijar da Togo da ƙasar da a lokacin ake kira Upper Volta suka yi ta fita a manyan motoci, an bar gidaje da rumfuna da basussuka. A mako biyu ba a koya wa kowa riƙon gida. Wanda yake da yaron da ya riga ya saba da nauyi, kuma yana da damar zama, ya sami wanda zai bar wa amana. Wanda bai da shi ya sayar a wulaƙance ko ya tafi ya bari.

A watan Yuli na 2021 hukuma ta tashi 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie ta mayar da su Adjen Kotoku, can bayan gari wajen Amasaman. Irin wannan ƙaura, sarkin kasuwa ɗaya ba zai iya da ita ba. Ana bukatar mai zama da hukuma da Turanci, da mai rabon rumfuna ba tare da an yi faɗa tsakanin ɓangarori ba, da mai sanar da direbobin da ke hanya inda za su sauke, da mai lallashin matan da ke saye suna kasawa su biyo kaya wuri mai nisa. Bayan shekara biyu, juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya jawo rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya kaya na ruɓewa, buhu ya yi tsada a Ankara. A ranakun nan, wanda ke tsaye gaban mota a bakin iyaka yaro ne. Alhaji na gida da waya a kunne, in ma layi ya shiga. Ko a juya, ko a jira, ko a karyar a sayar nan take, duk a kan yaron ya faɗo. In bai taɓa yanke shawarar buhu 10 ba, yaya zai yi da buhu 300?

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa, samarin zango ba su zauna jiran a ba su ba. A Kano majalisa ake cewa, a Nijar fada, a Nima da Mamobi kuwa bes, inda samari ke taruwa ana dafa ataya. Manya da yawa suna yi wa wuraren nan kallon matattarar zaman banza, kuma wasu sun cancanci a faɗa musu haka. Amma wasunsu suna da shugaba da ma'aji, suna tara kuɗi in ɗayansu zai yi aure ko an yi masa rasuwa, suna fitowa yasar kwata kafin damina. Mutanen Ankara ba su manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka ci rai fiye da 150. Yaron da ya iya tara mutum 30 ranar Asabar, ya nemo shebur da baro, ya raba aiki, ya sasanta biyun da suka yi cacar baki, ya kawo lissafin kuɗin ruwan sha ba gibi, to ya yi karatun ubandawaki ko bai taɓa jin sunan ba. Sarakunan zango da limamai su leƙa can, magadansu na zaune a bakin butar shayi.

Iyayenmu mata kuwa, a wannan fanni sun sha gabanmu, sai dai ba a faɗa. Dubi Hajiya mai waakye, shinkafa da waken nan da duk Gana ke ci, wanda sunansa ma daga bakinmu ya fito. Tukunya ɗaya mutum biyar ko shida ke kanta tun kafin asuba, mai wuta, mai miya, mai zubawa, mai karɓar kuɗi. Yarinyar da ta fara da wanke kwano, bayan 'yan shekaru ita ke riƙe wurin in Hajiya ta tafi Makka, kuma ciniki ba ya tsayawa. Uwar adashi ma haka, ba a zaɓarta don iya magana, sai wadda aka ga ta yi zubi shekara da shekaru ba ta taɓa saɓawa ba. Maza 'yan kasuwa nawa ne za su iya tafiya aikin Hajji su kashe waya?

A wajen malamai ma ga misali a gabanmu. Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, ya zama na'ibi a 1974, bai hau kujerar limancin ƙasa ba sai 1993. Shekara 19 yana kusa da kujera, ana tura shi, yana ganin yadda ake kashe wuta tsakanin jama'a. Da ya cika shekara 100 a 2019, ya taka har cocin Katolika na Christ the King a Ankara ranar bikin Ista, duniya ta yi ta mamaki. Allah Ya saka masa da alheri. Sanin lokacin da irin wannan taku zai gyara, da yadda za a yi shi ba tare da an zubar da mutuncin kowa ba, a zama da mutane ake samunsa. Kuma kada jiran shekaru ya zama hujjar danne yara: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Usama ɗan Zaidu jagorancin runduna yana matashi, alhali a cikinta akwai manyan sahabbai.

Saboda haka Alhaji, ga roƙona, kuma ba ya cin ko sisi. Lodi na gaba da za a yi, ware wani kaso, ko buhu 20 ne ko shanu uku, ka ce wa yaronka wannan naka ne tun daga saye har sayarwa, ni ba zan sa baki ba sai ka tambaye ni. Ka kai shi wurin mai kaya ka gabatar da shi da sunansa, ka ce in ya yi magana ni na yi. Ka buɗe masa littafin bashi. In ya dawo, ko riba ko faɗuwa, kada a yi maganar a tsaye a kasuwa. A bari sai bayan isha'i, a shimfiɗa tabarma, a kira direba da yaron mota da wanda ya yi rakiyar shanun, a fara da mafi ƙanƙanta: me ka gani a hanya? Kai kuma ka riƙe bakinka har su gama, wanda na san shi ne mafi wuya a cikin duka. Za ka ji abubuwan da ke faruwa da dukiyarka tsakanin Bawku da Kumasi waɗanda shekara 10 ba wanda ya gaya maka.

Kai ma ardo, bana in za a tashi mashekari, tura saurayin nan ya dubo hanya tare da garso, in sun dawo a bar shi ya yi bayani a gaban manya da bakinsa. In za a je gaida sarkin garin da za a sauka kusa da shi, ko a zauna da manoma kan ɓarna, a tafi da shi ya ga yadda ake buɗe magana da yadda ake rufe ta. A yankuna irin su Agogo, inda rikicin makiyaya da manoma ya ci rayuka da shanu, wanda ke fara haɗuwa da mai gona a bakin kunya yaro ne mai sanda, kuma kalmar farko da ta fito daga bakinsa ita ke yanke ko za a kwana lafiya.

Ku kuma samari, in an ba ku buhu 20 ɗin nan, ku rubuta komai, har kuɗin ruwan leda, ku kawo lissafin tun ba a tambaya ba.

Lokaci ya cimma mana. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba takardun ƙetare iyaka da dabbobi, da abin da ya canza tun bayan fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a watan Janairu na 2025. Masu tuƙi a yi a hankali, masu kiwo Allah Ya tsare garke.